Akurkin Kafinta da Farar Kazar Gwaggo

Maigidana kafinta ne, kuma ba don yana mijina ba, Allah ya ba shi hannu. In ya yi maka ƙofa, sai ka tsufa ka bar ta tana nan daram. Aibinsa guda ne, amma babba ne: ba a yi masa gyara. Duk abin da hannunsa ya taɓa, to ya gama kyau ke nan, wanda kuwa ya ce ga inda ya karkace sai ya kwana uku ba a amsa masa gaisuwa da daɗi ba. Abokan aikinsa Na-Sani suke kiransa a bayan idonsa. Ni kuma shekara goma sha bakwai ina zaune da shi, na koyi haɗiye magana kamar ƙwayar magani. Da izininsa nake ba da wannan labari, kuma kada a ɗauka shi kaɗai nake tona wa asiri, ni ma ina da kasona na kunya a ciki.

Bara ne ya ce zai fara kiwon kaji a bayan gida don yara su riƙa samun ƙwai. Akwai wani ɗan lungu tsakanin bangon banɗaki da tankin ruwa, bai fi taku biyar ba. Nan ya auna, ya tattaro ragowar katakon aiki, ya yi sati biyu yana ƙwanƙwasa. Gaskiya akurkin ya yi kyau. Hawa biyu, koren fenti, raga a ɗame kamar fatar ganga, ga sakata mai sheƙi. Har ƙwan lantarki ya ja musu, ya ce ya ji a rediyo haske na sa kaza yawan ƙwai, don haka ba a kashe shi dare da rana. Baƙo in ya zo gidanmu a lokacin, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi ya ga akurki, kuma sai ya ji cewa ko ɓera ba zai samu hanyar shiga ba.

Wurin da kaji takwas za su zauna su miƙe ƙafa, nan ya zuba goma sha takwas. Mazubin abinci ɗaya, na ruwa ɗaya, duk shi ya sassaƙa su. Abincinsu kuwa dusa ce zalla, safe da yamma, wai kaji ba baƙi ba ne da za a riƙa canza musu cima.

Maƙwabciyarmu, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, ta fi shekara ashirin tana kiwon kaji, tun kafin mijinta ya rasu. Gajeriyar katanga ce kawai tsakaninmu da ita. Ranar da aka zuba kajin ta leƙo, ta yaba aikin sosai, sannan ta ce cikin ladabi tana ganin wurin ya ɗan yi musu kaɗan. Maigidan ya yi wata dariya ya ce sau uku ya auna. Da ta sauka daga katanga sai ya dube ni ya ce, yau ga abin mamaki, mai akurkin tsohon kwano da tsumma ce za ta koya masa aiki. Na yi murmushi don a zauna lafiya.

Ana haka Gwaggo ta zo. Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi tun yana shekara huɗu da mahaifiyarsa ta rasu, ita ta kai shi koyon kafinta da hannunta. Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai dishi-dishi. An sa mata ranar aiki a asibiti, kuma za ta yi jinyar sati shida a gidan 'yarta, gidan bene da babu inda za a ajiye kaza. Shi ne ta zo da kwando a rufe da zane, a ciki akwai farar kaza guda ɗaya.

Wannan kaza ba kamar sauran kaji take a wurin Gwaggo ba. Ita kaɗai shirwa ta bari cikin 'yan tsaki bakwai, Gwaggo ta raine ta a cikin wannan kwando a gindin gadonta. Tsohuwa ce mai zama ita kaɗai, don haka da kazar take hira, har Ƙawata take ce mata. In ta zauna a tabarma ta yi wani kira da baki, sai kazar ta rugo ta haye cinyarta ta ci hatsi a tafin hannunta.

Ta miƙa wa maigidan kwandon ta ce, "Ga amana nan, ɗana. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka kulle ta. Ba ta san kulle ba, ba ta san faɗa ba. Ka bar ta ta yi yawonta a tsakar gida, in magariba ta yi da kanta za ta shiga kwando."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai ta kawo ta gidan masana.

Kwana uku ya riƙe alkawari. Rana ta huɗu ya shanya wata ƙofar mutane a tsakar gida, ya gama shafa mata man sheƙi ke nan, Ƙawar Gwaggo ta bi ta kai tun daga sama har ƙasa, ta bar sawunta, ta kuma ajiye masa kashi a tsakiya. Ya cafke ta ta fukafukai ya jefa ta cikin akurki ya ja sakata. Na ce, "Baban yara, Gwaggo fa ta ce…" Ya yi mini kallo ɗaya. Na ja bakina na koma kicin.

Tun kafin wannan rana akurkin ba lafiya. Kullum da safe gashin kaji ne birjik a ƙasa, wasu bayansu ya yi tal kamar an fige su za a dafa. Shi kuwa cewa yake suna sake gashi ne, haka kaji suke yi. Akwai wata jar kaza guda da ko gashi ɗaya bai faɗi a jikinta ba, sai sheƙi take. Ita yake nuna wa mutane a matsayin shaidar iya kiwonsa, har ya raɗa mata suna Sarauniya. Ni da nake wuni a gida na san dalilin da ya sa gashinta yake cikakke. Ita ce mai figar sauran, babu mai iya taɓa ta. Sau da yawa ina shanya na gan ta ta cizgo gashin 'yar'uwarta ta haɗiye, sauran su ma su koya. Na gani da idona, ban faɗa ba.

To ga baƙuwa an jefo musu, fara sol, wadda ba ta taɓa sanin a ture ta a gaban abinci ba. Cikin sati guda jelarta ta ƙare, jini ya fito a gindin jelar. A kan farin gashi kuwa jini ba ya ɓoyuwa. Maigidan ya ɗauko ta, ya aike ni na kawo jan maganin nan da muke shafa wa yara in sun faɗi, ya lafta mata shi har yana ɗiga, ya buɗe akurki zai mayar da ita.

Daidai lokacin Maman 'Yan Biyu tana kwashe shanya a kan katanga. Ta ce ya yi wa Allah kada ya mayar da ita a haka. Ta yi masa bayani a natse, cewa kaza in ta ga ja ba ta iya haƙuri sai ta tsattsaga, kuma in suka ɗanɗani jini ba sa dainawa har sai sun kashe. Ta ce ciwon a wanke shi, a shafa shuɗin magani mai ɓoye ja, a ware mai ciwon ita kaɗai har ta warke. Ta ce cunkoso ne da zafi da hasken da ba ya mutuwa suke haukata su, ga dusa zalla ba ta ƙosar da mai yin ƙwai, shi ya sa suke cin gashin juna. Ta shiga ɗaki ta ɗauko 'yar kwalbar shuɗin maganin ta miƙo masa. Da a nan ta tsaya, wataƙila da ya ɗan saurara. Sai ta ƙara da cewa in ba zai damu ba, ya ba ta kazar ta riƙe a gidanta har Gwaggo ta dawo.

Nan ne ransa ya ɓaci. Ya ce mata an gode, irin godiyar da ake yi da haƙora a dantse. Ya ɗora kwalbar a kan tanki, ya tura kazar cikin akurki da jan maganinta. Bayan ta tafi ya ce mini so ake a ji a gari cewa an ba shi kaza guda ya kasa riƙewa, sai da mace ta karɓa. Da yamma ya samo buhuna ya rufe gefen akurkin da ke kallon katanga, don kada a ƙara leƙa masa. Iskar da kajin suke ɗan samu ta nan ita ma ya toshe.

Bayan kwana biyar muka tashi muka tarar da ɗaya daga cikin kajinmu a mace, an huda bayanta, hanji a waje. Maigidan ya tsaya ya dube ta, ya dubi katanga, ya ce kyanwar Maman 'Yan Biyu ce. Kuma ni ya aika na je na faɗa mata ta san yadda za ta yi da kyanwarta.

Wallahi har yau in na tuna tafiyar nan sai na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Na san ba kyanwa ba ce. Amma na yafa mayafi na zagaya na yi sallama, na zauna a kan tabarmarta, na isar da saƙo ina kallon yatsun ƙafata. Kyanwar ma tana kwance a gefenta tana barci, tsohuwa ce, da ƙyar take hawa kujera. Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ashe akwai inda kyanwa za ta shiga? Ni na ji an ce ko ɓera ba shi da hanya." Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Ta ce ba komai, zaman tare ya fi mata kyanwa. Washegari ta sa ta a kwali ta aika da ita gidan ƙanwarta, kyanwar da take kwana a ƙafarta tun rasuwar mijinta.

Da na maimaita masa tambayarta, ya wuni yana zagaya akurki yana neman kafa. Bai samu ba, don babu. Ya rasa wanda zai zaɓa: in kyanwa ce, to aikinsa na da ɓaraka, in kuwa aikinsa ba shi da ɓaraka, to ba kyanwa ba ce. Sai ya ƙara buga katako biyu a inda ba a buƙata, ya sa wa ƙofar kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Kwaɗo saboda kyanwa, jama'a. Daga ranar shi kaɗai ke buɗewa, safe kafin ya tafi shago da yamma in ya dawo.

Na sha gaya wa kaina cewa kwaɗon ne ya hana ni ciro kazar. Ƙarya nake. Gidanmu guduma ta fi cokali yawa, bugu ɗaya ya ishi wannan kwaɗo. Tsoron ɓacin ransa ne ya hana ni. Ina tsakar gida ina jin kukanta, sai na ƙara murya a rediyo.

Cikin sati na biyar Gwaggo ta bugo waya tana murna. Aiki ya yi kyau, ido ɗaya ya buɗe, har zare ta zura a allura da kanta. Ta tambayi Ƙawarta. Ina tsaye ina ji maigidan ya ce tana nan lafiya lau, har ta yi ƙiba. Gwaggo ta yi dariya ta ce ita fa ba abin da take ɗokin gani irin wannan kaza, shekara uku tana shafa ta da hannu ba ta san kamanninta sosai ba. Ya ajiye wayar bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Saura kwana huɗu ta dawo abin ya faru. Rana ce mai zafi, ya dawo cin abincin rana, yana wanke hannu muka ji akurki ya kaure da kuka da fuffuka. Ya ruga ya yaye buhu, ya tsaya cak. Ƙawar Gwaggo ta yi ƙwai ke nan, mafitar ƙwan tana ja, suka rufar mata. Sarauniya ce a gaba, bakinta jina-jina, tana ja da baya da abin da ta zaro, sauran suna wawa a kai. Kazar ta cusa kanta a kusurwa, babu inda za ta gudu, don kafinta bai bar mata ko tafin hannu ba. Kyanwa kuwa ta yi sati uku ba ta unguwar.

Garin sauri ya kasa saka makulli a kwaɗon, sai da makullin ya faɗi ƙasa sau biyu. Da ya ciro ta tana numfashi sama-sama. Ya ce na kawo wuƙa, kafin na fito daga kicin ta cika a hannunsa. Da na ɗaga kai sai na ga Maman 'Yan Biyu tsaye a katanga, hayaniyar ce ta fito da ita. Ta ga komai.

Na yi zaton za ta ce ai ta faɗa. Da ta faɗa ma da ya fi mana sauƙi. Ta zagayo ta shigo, ta ɗaura zane da kyau, ta ce na kawo ruwan ɗumi da gishiri kaɗan. Ta ɗauko kwalbar shuɗin maganin a kan tanki inda ya ajiye ta, ta hure ƙurar da ke kai. Kaji shida muka samu da ciwo, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta shafa musu, ta sa kowacce a kwali daban. Ta ce Sarauniya ma a ware ta. Ta miƙa hannu ta kashe ƙwan lantarkin nan da ya yi wata biyar yana ci. Maigidan yana tsugune da matacciyar kaza a gabansa, ko ɗaga kai bai yi ba har ta fita.

Da yamma ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, farar kaza ai ba ta da wuyar samu a kasuwa, kuma Gwaggo ba ta taɓa ganin tata da kyau ba. A shekara goma sha bakwai, ranar ce na fara ce masa a'a kai tsaye. Na ce Gwaggo ba da ido ta san ta ba, kuma mun yi wa kyanwa ƙarya, mun yi wa maƙwabciya ƙarya, ba za mu ƙara da matar da ta goya shi ba. Na jira ya yi faɗa. Bai yi ba.

Ranar da Gwaggo ta dawo, gidanmu ta fara sauka kafin nata. Tana sanye da baƙin tabarau na asibiti, tana tafiya ba mai riƙe mata hannu, tana ta yaba komai, wai ashe fentin ƙofarmu shuɗi ne, ashe autarmu da ubanta take kama. Ta zauna a tabarma ta kwance bakin zanenta, ga hatsi ta ƙullo tun daga can. Ta zuba a tafin hannu ta yi kiran nan da baki. Shiru. Ta sake yi.

Maigidan ya zo ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, tun daga ƙofar da kaza ta taka har zuwa wayar da ya yi mata ƙarya. Bai rage ko ɗaya ba. Ni ma na faɗi nawa.

Gwaggo ta saurare mu har ƙarshe. Can ta miƙe ta ce a nuna mata wurin. Ta cire tabarau, ta dubi akurkin tun daga sama har ƙasa, ta shafa katakon, ta leƙa ta ga kajin da suka rage da bayansu tsirara.

Ta ce, "Aiki ya yi kyau, ɗana. Ka auna bango, ka auna katako. Su da za su zauna a ciki fa, ka auna su?"

Ta ce, "Da ka ga jinin farko, wa ka tambaya?"

Ya ce, "Ba kowa, Gwaggo. An ma faɗa mini ban ji ba."

Ta gyaɗa kai. Ta watsa wa kajin hatsin da ke hannunta ta cikin raga, ta kakkaɓe tafinta. Ta ce ita dai ta so ta gan ta ko sau ɗaya ne. Sannan ta ɗauki kwandonta babu komai a ciki, ta ce a samo mata abin hawa. Ban taɓa ganin maigidana yana kuka ba sai ranar, a tsaye, a gaban 'ya'yansa.

Washegari bai je shago ba. Ya ɗauki guduma ya ɓalle gaban akurkin da ya yi sati biyu yana ƙawatawa. Kafin ya buga ƙusa ɗaya sai da ya je ya yi sallama a ƙofar Maman 'Yan Biyu, ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ta zo ta nuna masa. Ta zo ta tsaya tana faɗa yana yi. Aka kewaye musu fili da raga har gindin bishiyar lemo, aka ƙara mazubin abinci uku da na ruwa biyu, aka zuba musu yashi da toka a wani tsohon baho don su yi birgima. Aka canza musu abinci zuwa na masu ƙwai, aka riƙa rataya musu ganye da igiya suna tsalle suna tsattsaga, abin da zai ɗauke musu hankali daga jikin juna. Kaji biyar ya rabar don wuri ya ishi sauran. Sarauniya ta ƙi daina halinta ko bayan an ware ta, sai aka yanka ta. Cikin wata biyu gashi ya fara tsirowa, ba a sake ganin jini ba. Gyaran da zai ɗauki kwana biyu ke nan tun farko.

Kyanwar ma shi ya je da ƙafarsa ya ɗauko ta a kwali. Ta yakushe shi a hannu a kan hanya, ya dawo yana ɗigar da jini.

Gwaggo ta yafe mana, ta faɗa da bakinta, kuma tana zuwa gidanmu kamar da. Maman 'Yan Biyu ta ba ta wata 'yar tsakuwa mai ruwan toka, ta raine ta a kwandon nan har ta girma. Bayan wata takwas aka kira ta aikin ɗaya idon. Muna zaune a ƙofar gida da safe muka hango ta tafe da kwando a rufe da zane. Maigidan ya miƙe da sauri yana goge hannu a jikin rigarsa. Ta tsaya ta amsa gaisuwarmu da fara'a, ta tambayi yara, ta sa mana albarka. Sannan ta wuce mu da taku goma, ta yi sallama a ƙofar Maman 'Yan Biyu, ta miƙa mata kwandon.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya aiki ɗaya ba ya sa mutum ya san kowane aiki, kuma wanda ya ƙi jin gyara don kada a ce bai sani ba, zai ji kunyar da ta fi wannan nesa ba kusa ba. Mai kiwo ya sani cewa gashi a ƙasa da ɗigon jini na farko gargaɗi ne: a ware mai ciwo nan take, a ba sauran wuri da iska da abinci mai kyau, a tambayi wanda ya riga ka farawa, ba a rufe da buhu a nemi wanda za a ɗora wa laifi ba. Wanda kuma ya ga ɓarna ya yi shiru don gudun ɓacin ran wani, kamar yadda na yi, ya sani yana da hannu a cikinta. Akurki ana iya rushe shi a sake ginawa cikin kwana biyu, mai laifi ma ana iya yafe masa, amma wanda ya ba ka amana ka tozarta ta ba lallai ne ya sake ba ka wata ba.